Giga Shida Sun Ishe Ki

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, da fensir soke a ɗankwalinta ta zo, kuma ga alama ta manta yana nan. Shi kuwa mai gyaran waya yana sunkuye a kan wata tablet da ya buɗe cikinta. Ya ɗago kai zai amsa sallama, sai ɗan sukurun da ke hannunsa ya faɗi ƙasa, bai ko bi ta kansa ba.

"Tablet nake so mai ram giga sha shida," in ji ta. "An ce ƙasa da haka asara ce."

"Wa ya ce?"

Ta nuna babban shagon da ke tsallaken titi, mai gilasai da fitilu ko da tsakar rana. Ya yi murmushi. Duk layin nan Sha-Shida ake kiran mai wannan shago, don ko tsohuwa ce ta je neman abin da za ta riƙa ganin hotunan jikokinta, giga sha shida zai ɗora mata.

"Me za ki yi da ita?"

"Ikon Allah! Sayarwa ce aikinka ko tambaya?"

"Tambayar ita ce rabin aikin, ranki ya daɗe."

Ta harare shi, amma ta faɗa. Babanta tela ne. Ita ke zana wa masu kawo ɗinki samfurin kaya, ta nuna musu hotuna, ta rubuta awo, ta amsa saƙonninsu. Littattafan zanenta sun cika shago har an rasa wurin ajiye zare.

"A shagon naku akwai teburin yanka?"

"Akwai."

"Da kabad na ajiye yaduka?"

"Har biyu."

"To ram shi ne teburin, memori kuma shi ne kabad. Yadi nawa kike shimfiɗawa a kan tebur a lokaci guda?"

"Biyu. In aiki ya yi yawa, uku."

"To me za ki yi da tebur mai faɗin filin ƙwallo?"

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. A nan fa zuciyar bawan Allah ta tafi, kuma ba ta dawo ba.

Yana da wata ɗabi'a da 'yan layin ke yi masa tsiya a kanta: ba ya sayar wa mutum na'ura sai ya sa shi ya yi aikinsa na yau da kullum a kanta, a gabansa. Ya jera mata guda uku a kan kanta, mai giga huɗu, mai shida, mai takwas. Ya ce ta buɗe wurin zane, ta buɗe hotuna, ta buɗe saƙonni, ta yi ta zirga-zirga a tsakaninsu kamar ranar da shago ya cika.

Mai huɗun ta fara da kyau, amma da ta leƙa hotuna ta dawo, sai da zanen ya sake lodi tun daga farko. Mai shidan ko gezau. Mai takwas ma haka, ba wani bambanci da ido zai gani.

"Huɗu na mai kallo da karatu ne," ya ce. "Takwas na mai haɗa bidiyo ne, ko mai zanen da ake jibga shafi kan shafi. Sha shida kuwa, a irin aikinki, kwana za su yi ta yi kina biya musu wuta. Ke shida sun ishe ki, har da rara. Ki nemi mai babban kabad dai, saboda hotuna. Abin da ya yi saura ki sayi alƙalamin zane mai kyau, wannan na kanki ya huta."

Ta kai hannu ta taɓo fensirin. Kunya ta rufe ta, ta sunkuyar da kai tana dariya.

Ya karɓi lambarta, wai saboda garanti. Garantin da ba a taɓa ganin irinsa ba, don kullum da safe sai an tambayi lafiyar mai kaya kafin ta kayan.

"Malam Ya-Isa," ta rubuto masa wata rana, "tablet ɗinka tana aiki kamar ta san ni. Riguna huɗu na zana yau, ko tari ba ta yi ba."

"Ai na faɗa miki, 'Yar Fensir. Ni ba na faɗin abin da ban gwada ba."

"To ni yaushe ka gwada ni, da kake cewa ina da kirki?"

"Minti arba'in kika yi a gaban kantata, kika gyara min kujerar da ta karkace ba tare da kin sani ba. Kin ci jarrabawa tun ranar."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, a hannunki."

Daga nan wandunansa suka fara ɓarkewa, yana kai wa babanta ɗinki. Shagon babanta ɗaki ne dogo mai kekuna uku, da teburin yanka a tsakiya wanda gefensa ya yi santsi saboda shekaru. A kusa da keken tsohon akwai wani ƙaramin matashin soka allura, an soke masa allurai goma sha biyu, kowace da zarenta a ciki. Ita ke zura musu zare kowace safiya. Ta ce Baba ne ya tsiro da haka tun bara, wai ɗinkin ya fi albarka in hannun 'yarsa ya fara taɓa zaren.

A zuwa na uku tsohon ya shafa wandon da yatsunsa, bai ko kalle shi ba.

"Yaro, wannan ɓarkewar ta reza ce. Gara ka faɗi abin da ke kawo ka kafin kayanka su ƙare."

Ya faɗa, cikin ladabi. Ya ce yana son 'yarsa, kuma da aure yake sonta.

Sai dai kash, ba shi kaɗai ya gano hanyar shagon ba. Sha-Shida ma ya fara zuwa, a mota, turarensa na riga shi shiga. Ba mugun mutum ba ne, shi dai komai nasa sai ya fi ƙarfin bukata. Baba Tela kuwa ya auna su biyun a ransa, ya yanke.

"Ba ni da abin da zan ce a kan halinka," ya gaya wa mai gyara. "Amma mutumin da aka je wurinsa neman babba ya ce ƙarami ya isa, ina tsoronsa. Gobe cefane zai ce ya isa. Jibi ɗaki zai ce ya isa. Uwar yarinyar nan ta rasu ta bar min ita tana shekara tara, ban taɓa ce mata ya isa ba a kan komai."

"Baba, ban rage mata komai ba. Aunawa na yi."

"To lokaci zai nuna."

Maganar ta yi masa ciwo, amma ba ta girgiza shi ba. Ya san abin da ya gwada.

A wata na huɗu abin ya faru. Shugabar wata makaranta ta zo a zana mata sabon yunifom na ɗalibai, aikin da shagon bai taɓa samun irinsa ba. Ana tsakiyar nuna mata zane tablet ta tsaya cak. Tallace-tallace suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya, zanen ya ɓace. Matar ta duba agogo, ta ce za ta dawo jibi, in ba a shirya ba ta nemi wani wuri.

Da yamma saƙo ya shigo masa, babu ko Malam Ya-Isa a kansa.

"Ka ce sun ishe ni. Yau a gaban mutane ta kunyata ni. Mako biyu ke nan tana nauyi, na yi shiru don kada Baba ya samu abin faɗa. Ya ce ka zo gobe da safe. Ya ce in laifin naka ne, ka daina zuwa ƙofarmu. Don Allah kada ya zama naka."

"Gobe ƙarfe tara ina nan. Shida ba su yi kaɗan ba, 'Yar Fensir. Ki kwantar da hankalinki."

Ya tarar da Sha-Shida ya riga shi, da sabon kwali a kan teburin yanka, har da kintinkiri. Ita tana tsaye jikin kabad, idanunta sun nuna ba ta ji daɗin daren ba. Baba Tela na zaune a gaban kekensa.

Mai gyara ya gaishe su, ya zauna, ya buɗe tablet.

Bai yi minti biyar ba ya ga matsalar. Wasu tarkacen manhajoji ashirin da uku ne suka maƙale a can shafin ƙarshe, irin waɗanda ke shigowa in mutum ya danna talla bisa kuskure, kowace tana cin ram a ɓoye. Ya yi mamaki, don ya san hannunta, ba ta danna abin da ba ta karanta ba. Sai ya buɗe wurin bincike. Shafuka sama da saba'in a buɗe, an ƙara girman rubutunsu har kalma uku ke cika layi. Dukkansu da murya aka nemo su, kuma duk tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, lokacin da take fita sayen zare da kai ɗinki.

Maganin yanar ido ba tare da aiki ba.

Shin mai yanar ido yana makancewa gaba ɗaya.

Tela zai iya ci gaba da ɗinki in idonsa ya yi hazo.

Ya ɗago kai a hankali. Idonsa ya sauka a kan matashin alluran nan goma sha biyu, sannan a kan tsohon. Baba Tela ya daina taka keke. Fuskarsa tana fuskantar mai gyara, hannuwansa biyu a kan gwiwa, kamar mai jiran a karanta masa hukunci. Ya san abin da aka gani.

Magana ɗaya tak za ta wanke shi. Ya juya fuskar tablet ɗin ya ce ku duba, shi ke nan, Sha-Shida ya kwashi kwalinsa. Amma a gaban baƙo, a gaban 'yarsa, a cikin shagon da ya yi shekara arba'in yana riƙe da shi, za a ji cewa tela ba ya ganin allura. Tausayi ya kama shi.

Ya rufe shafukan duka da yatsa ɗaya.

"Laifina ne," ya ce. "Akwai wata ƙofa da ya kamata in kulle ranar da na sayar, wadda tarkace ke shigowa ta cikinta. Ban kulle ba."

Sha-Shida ya yi dariya. "Haba abokina, ka dai ce shida sun yi kaɗan."

"Ba su yi kaɗan ba. Ko sha shida aka zuba wa wannan shara, wata rana sai ta tsaya. Ku ba ni rabin awa."

Kafin rabin awar ya share komai, ya dawo da zanen yunifom ɗin daga inda ya adanu, ya kulle ƙofar. Tablet ta koma kamar ranar da aka saye ta. Ya miƙa mata, amma ba ta kalli tablet ɗin ba, shi take kallo.

"Kai da ba ka barin ko sukuru ɗaya a kwance," ta ce a hankali. "Kai ne ka manta?"

"Ni ne."

Ya durƙusa ya yi wa tsohon sallama. Mai gyara ya fita, ya san sharaɗin da aka gindaya, ya kuma san da bakinsa ya cika shi.

Kwana uku bai je ba, bai kuma yi saƙo ba, don ya ɗauki maganar uba da nauyinta. Wayoyin mutane ya yi ta gyarawa, yana ɗaure sukuru yana kwancewa. Kewa ta dame shi ƙwarai, abinci ma sai ya huce a gabansa. Duk da haka ko sau ɗaya bai yi da-na-sani ba.

A rana ta huɗu da hantsi ya hango Baba Tela a bakin titi, yana ta jira ya tsallako alhali babu mota kusa. Ya fita da sauri ya kama hannunsa, ya kawo shi ya zaunar a kan kujerar nan da ta daina karkacewa.

"Ka gani ko?" in ji tsohon.

"Na gani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa? Ka san abin da za ka rasa."

"Ba maganata ba ce da zan faɗa. Abin da ke cikin na'urar mutum amana ne. Mai gyara yana gani, amma ba shi da baki."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa.

"In aka ji tela ba ya gani, wa zai kawo masa yadinsa? Shagon zai mutu, zanen yarinyar nan ya mutu tare da shi. Shi ya sa na so in ga ta shiga inda komai ya yi yawa, ko da na zauna. Tallan nan kuwa ba na ganin inda ake rufe su. In na kai yatsa, sai wani abu ya buɗe."

"Baba, ka yarda in faɗi kalmar nan da ba ka so?"

"Faɗi."

"Ɓoyewar ta isa haka. Ni ba likita ba ne, kuma ba na faɗin abin da ba a gwada ba. Amma bara aka yi wa mahaifiyata aikin ido, yanzu ita ke gano min sukuru in ya faɗi ƙasa. Mu je a duba ka tukun. In ka amince, ni zan kai ka, ko ka ba ni 'yarka ko ba ka ba ni ba."

Baba Tela ya yi wata 'yar dariya, ya share gefen idonsa da bakin hula.

"Shekara arba'in ina auna mutum kafin in sa almakashi a yadi. In mai ƙaramin jiki ya ce in yanka masa yadi goma, ce masa nake ya mayar da huɗu gida. Ka yi wa 'yata aikin da nake yi kullum, na kasa gane shi. Lallai idon nan ya daɗe da lalacewa."

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Ya-Isa. Baba ya zaunar da ni ya faɗa min komai da bakinsa. Na yi kuka har na gaji. Shekara guda ina zura masa allura ban gane ba. Na san ƙarya ka yi ranar nan, don kunnenka na dama yana motsi in kana ƙarya, amma ban san don wa ka yi ba. An ba mu aikin makarantar. Kwalin kuma tun ranar na ce a mayar. Ka zo, ko da wandonka bai ɓarke ba."

"Ga ni nan tafe, 'Yar Fensir. Wandon ma ya riga ya ɓarke, don tsabar sauri."

A ƙofar shago ta tare shi, fensirin na nan a ɗankwali duk da sabon alƙalamin.

"Da Baba bai zo ba fa? Haka za ka bar ni?"

"Da na jira. Na auna shi shi ma, na san ba zai iya kwana da yawa da abin a ransa ba."

"Kai komai sai ka auna. Son da kake min giga nawa ne?"

"Wannan kam na gwada, na'urar awon ce ta tsaya."

"Allah ya shirye ka," ta ce, tana dariya tana goge ido.

Su biyu suka kai shi asibiti, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Likita ta duba ta ce yanar ido ce, kuma ba a makara ba. Aka yi ido ɗaya, bayan 'yan makonni aka yi ɗayan. Ranar da ya koma shago, 'yarsa ta ɗauko matashin allurai za ta fara zura zare, ya riƙe hannunta. Ya ɗaga allura sama wajen hasken taga, ya lashi bakin zaren, ya zura. Karo ɗaya ya shige.

Sannan ya juya ga mai gyara, ya ciro tef daga wuyansa.

"Tashi tsaye, yaro. Riga zan ɗinka maka. Amma ni ma ba na yanka sai na yi tambaya. Me za ka yi da ita?"

"Aure zan yi da ita, Baba, in ka yarda."

"To miƙe hannunka sosai, kada ta yi maka kaɗan."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ango ya fito cikin rigar da surukinsa ya ɗinka da hannunsa, amarya cikin wadda ta zana a tablet ɗinta mai giga shida. Sha-Shida ma ya zo da fara'arsa, ya kawo gudummawar agogon bango wanda sai da mutum biyu suka ɗauka. Mahaifiyar ango ta rungume amarya tana ta sa albarka, har ta gano mata ɗan kunnen da ya faɗi a cikin taro.

Da za a rabu, Baba Tela ya kama hannuwansu ya haɗa a cikin nasa. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, kallo na mai gani tar, ya daɗe bai ƙifta ba.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari. Allah ya ba ku abin da zai ishe ku."

Ya ɗan tsaya, ya matse hannun angon.

"Har da rara."